Ranar da Mas'ud Ya Yi Lacca a Tsugune

Mas'ud ɗan 'Yargoje ne, kuma tun yana yawo ba wando aka san bakinsa ba ya hutawa. In aka je noma shi ne na baya a kuyya, don yakan dogare hauya ya yi ta zuba wa yayyensa labari, su kai ƙarshen gona su juyo su iske shi inda suka bar shi. Abin mamaki, ba su jin haushi. Cewa suke in Mas'ud na gona rana ba ta zafi. Ubansa ne kawai, Allah ya jiƙansa, ke girgiza kai yana cewa da da baki ake huɗa, da yaron nan ya nome 'Yargoje shi kaɗai.

Ya yi sakandare a Ƙanƙara, ya koma gida ya kama noma kamar kowa. Da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, gonarsu ta gado da ke bakin daji ta gagari shiga. Shekarar da uban ya rasu sai Mas'ud ya ɗauko gwaggonsa Hussaina, wadda ta raine shi tun rasuwar uwarsa, suka kama haya a Ƙanƙara. Ya buɗe rumfar cajin waya kusa da tasha, da ɗan janareta mai tari kamar tsoho. A kan wannan rumfa aka ba shi auren Sa'adiya, 'yar Alhaji Salihu, wani dillalin shanu na Faskari mai ji da asali. Alhaji ya san uban Mas'ud, manomi ɗan manomi, caji kuwa ko ba komai sana'a ce da ido ke gani.

To rumfar nan ce ta jawo komai. Mutum ne zaune yini guda ba aikin fari sai kallon waya. A nan ya fara cin karo da bidiyon wasu mutane sanye da kwat, suna kai da komo a kan dandamali, suna ihu, jama'a na tafi wasu har da hawaye. Ba wa'azi suke ba, ba waƙa ba, ba neman ƙuri'a ba. Magana ce kawai, kuma an ce da ita suke ci suke sha. Mas'ud ya ji kamar an haska masa fitila a ƙirji. Ashe abin da aka yi ta yi masa faɗa a kansa tun yana yaro, a wani wuri sana'a ce.

Ana haka wata ƙungiya ta kira matasa horo a Katsina. Irin ƙungiyoyin nan ne da za su zo da farar mota, su tara 'ya'yan mutane a otal, su cika su da shinkafa da Turanci, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa wa zai saurari wannan abu a Ƙanƙara, ko a wane zaure za a yi shi. An dai koya musu ƙa'idoji. Ka tsaya a miƙe, ƙirji waje. Ka kalli mutane tsakiyar ido. Ka ɗaga murya. Ka zaɓi mutum ɗaya cikin taro ka nuna shi da yatsa ka gaya masa shi babba ne. In ka ga sun yi sanyi ka ce su tafa wa kansu. Mas'ud ya haddace su tsaf, ya dawo da takardar shaida mai ɗauke da hotonsa, wai ya zama mai ƙarfafa gwiwar jama'a.

Lokacin Sa'adiya na Faskari. Ta tafi wankan gida, ta haifi ɗansu na fari, an raɗa masa Muhammad Awwal. Saboda haka babu mai riƙe masa hannu ranar da ya sayar da janareta ya sayo lasifika mai batir da makirufo, ya ƙara da wata baƙar kwat ta gwanjo mai gajerun hannuwa.

Gwaggo Hussaina na tankaɗe ya shigo da kayan. Ta dube shi, ta dubi lasifikar.

"Wannan kuma fa? Kiɗan biki za ka koma?"

"A'a Gwaggo. Magana zan riƙa yi."

"Ai kana yi. Tun da na san ka kake yi. Sayarwa nake tambaya, mi za ka riƙa sayarwa?"

"Ita maganar."

Ta ajiye rariya. "Wa'azi ke nan? Kai da ko izu biyar ba ka kai ba?"

"Ba wa'azi ba ne. Mutum ne in ya karaya, sai in yi masa magana ya ji ƙarfi."

"Sai ya biya ka?"

"E."

"Wanda ya karaya ɗin ne zai biya?"

Wannan kam ba a koya wa Mas'ud a Katsina ba.

Fitarsa ta farko a wani ɗaurin aure ce, na ƙanin abokinsa Hadi, direban motar haya. Bayan an shafa fatiha ana zaune ƙarƙashin rumfa ana jiran abinci, Hadi ya ce masa ga dama. Mas'ud ya gyara kwat, ya kunna lasifika, ya tsaya ƙirji waje kamar yadda aka koya masa. Da farko ba wanda ya kula. Sai ya tuna ƙa'idar nan ta zaɓar mutum ɗaya. Ya hango wani Alhaji mai ƙiba cikin babbar riga a layin gaba, ya nuna shi da yatsa.

"Kai, Alhaji! Kai ba ƙaramin mutum ba ne! Akwai zaki kwance a ƙirjinka! An haife ka ne don ka yi sama da kowa!"

To don Allah, a ƙasar nan wa ke tsayawa a ɗaurin aure da makirufo ya nuna mai babbar riga ya kira shi zaki? Mutum ɗaya ne, kuma kowa ya san sunan sana'arsa. Alhajin ya yi murmushi, ya miƙe a hankali, ya zura hannu aljihu, ya zo ya manna wa Mas'ud sabuwar takardar kuɗi a goshi. Ta zauna daram saboda gumi. Kafin ya gane abin da ke faruwa wani ya taso ya ƙara, wani ya biyo. Daga cikin gida wata ta rangaɗa guɗa. Wani dattijo ya ja shi ta hannun kwat yana cewa, "Kai yaro, ni ba ka gan ni ba? Jikan sarkin noma ne ni, faɗa musu!"

Mas'ud ya tsaya da kuɗi a goshi. In ya cire ya mayar, ya ci mutuncin manya a bainar jama'a. In ya bari, ya karɓa. Wani ɓangare na zuciyarsa ma murna yake, don ga shi an biya, kuma Gwaggo ta ce ba za a biya ba. Sai ya ce, "Ku tafa wa kanku!" Aka tafa. Wani saurayi yana gefe yana ɗauka a waya.

Bidiyon ya riga shi isa Faskari.

Da Sa'adiya ta yi arba'in, Gwaggo Hussaina ta haɗa goro da turmin atamfa ta tafi ɗauko ta, yadda ake yi. Da la'asar ta dawo ita kaɗai, da goron a ƙulle yadda ta kai shi. Ko mayafi ba ta cire ba ta zauna a bakin ƙofa.

"Alhaji ya ce a gaya maka gidansa ba a taɓa haɗa jini da maroƙi ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Ya ce ɗiyarsa da jikansa suna nan inda suke har sai ka zo da bakinka ka faɗa masa sunan sana'arka. In roƙo ne, ka aiko da takardarta."

"Gwaggo ba roƙo ba ne."

"Ni ma haka na ce. Sai ya miƙo mani waya. Mas'ud, na gan ka da idona, kuɗi har kan hanci."

A nan fa dole a faɗi gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Alhaji Salihun nan, ranar sunan jikan nasa, maroƙi ya tsaya ƙofar gidansa tun hantsi yana jero kakanninsa, shi kuwa yana zaune yana kumbura, har ya tuɓe riga ya ba shi. Muryar maroƙi tana da daɗi in kai ake wasawa. Haɗa zuri'a da shi ne abin ƙyama. Haka mutanenmu suke, kuma ba su ga abin kunya a ciki ba. Amma ɗiya tasa ce, gida nasa ne, kuma Mas'ud bai ga ɗansa ba tun ranar suna.

Ya kira Sa'adiya a waya. Tana magana ƙasa-ƙasa don kada a ji ta.

"Malam, ni dai ka gaya mani abin da zan ce. Inna ta tambaye ni, ƙannena sun tambaye ni. Na ce lacca kake yi, suka ce a wace makaranta."

"Ki ce ina ƙarfafa wa mutane gwiwa."

"Na faɗa. Dariya suka yi, wai ko ɗori ka koya."

Ya ji kukan jaririn a bayanta, sai ta kashe.

Mas'ud ya yi ta juya abin a ransa har ya yanke cewa laifin wurin ne. Biki ne ya ɓata shi. In ya yi magana inda ba ango ba babbar riga, inda mutane ke cikin wahala ta gaske, kowa zai ga bambanci, a ɗauka a waya a kai wa Alhaji Salihu. Hadi na lodin Sabuwa ranar kasuwa, ya ce ya zo su tafi. Suka bi ta Funtuwa da Dandume, mota na faɗawa rami tana fita, Mas'ud na rungume da lasifika a cinya kamar mai jego, fasinja kowa ya yi tsit yana kallon daji ta taga.

A bakin kasuwar Sabuwa ya samu gindin wata bishiya kusa da masu sayar da masara, ya kafa kayansa. Nan da nan aka taru, har ya ji daɗi. Ya yi magana a kan nasara, ya yi a kan mafarki, ya ce talauci a cikin kai yake. Mutane suka yi shiru suna saurare, amma ya lura ba fuskarsa suke kallo ba. Jakarsa suke kallo. Can wani mai rawani ya gaji.

"Malam, ka yi bayani ya isa. Fito da shi mu gani. Na basir ne ko na shawara?"

"Ba magani nake sayarwa ba, Baba."

"To wace jam'iyya ce?"

"Ba siyasa ba ce."

"Ikon Allah. To wa ya aiko ka?"

Wannan tambaya ta ƙarshe ba da wasa aka yi ta ba. A Sabuwa baƙo ba ya tara mutane haka kawai a ƙyale shi, kuma Mas'ud ya ga wasu 'yan sa-kai biyu sun matso suna dubansa. Hadi ya yi maza ya je ya yi musu bayani, yana nuna kansa da yatsa, alamar abokin nasa sai a hankali. Mas'ud ya ga alamar, ya haɗiye. Don ya ceci taron sai ya jawo dabarar da ya fi so cikin duk abin da aka koya masa.

"Jama'a, kowa ya rufe idonsa. Ka hango gonarka. Ka hango ta cike da masara, kore shar. Abin da ka iya hangowa, za ka iya samu!"

Wasu suka rufe, yawanci don su ga ƙarshen abin. Wani mutum siriri da ke tsugune kusa da buhunan wani bai rufe ba.

"Ni ba sai na rufe ido ba," in ji shi, ba tare da ɗaga murya ba. Ya miƙa hannu yamma. "Ga ta can bayan tsaunin nan. Kullum ina hango ta. Shiga ce ba ni iyawa."

Ba wanda ya yi dariya. Mas'ud ya tsaya da makirufo a baki, lasifika na ƙara ita kaɗai. Ya nemi amsa cikin duk abin da ya haddace, babu. Abin da ya zo masa kawai ita ce tsamiyar da ke tsakiyar gonarsu ta 'Yargoje, wadda shi ma rabonsa da inuwarta an daɗe. Ya kashe lasifika. Taron ya watse, wasu na mita an ɓata musu lokaci ba ko samfurin magani.

A hanyar dawowa Hadi ya ce, "In tura wa Alhaji bidiyon da na ɗauka?"

"Goge shi."

"To kai yanzu mi kake ne? Don ni ma fasinja na tambayata."

"Hadi, tuƙa motarka."

Bai gama farfaɗowa daga Sabuwa ba saƙo ya zo daga Faskari: Alhaji ya ce haƙurinsa ya kusa ƙarewa, ya zo ranar Juma'a bayan an sauko. Gwaggo ta ce ya sa kaftani. Shi kuma ya ga in zai nuna sana'a, to ya nuna ta da kayanta. Sai ya sa kaftanin, ya ɗora kwat a kai. Haka ya sauka a Faskari, da lasifika a kafaɗa, gumi har cikin takalmi.

Tun daga nesa da zauren ya tuɓe takalma. Alhaji Salihu na zaune a kan buzu da carbi, abokansa dillalai biyu na gefensa, sai wani dattijo a can ƙarshen tabarma ya jingina da bango, bai ko ɗago ba.

"Wannan gangar a bar ta waje," in ji Alhaji.

Mas'ud ya ajiye lasifika a waje, ya shiga ya tsuguna daga bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai, ya kwashi gaisuwa. Aka amsa masa a taƙaice.

"To, ga mu. An ce ba roƙo kake ba. Ni ban yi boko ba, ban san sunayen abubuwan zamani ba. Yi abin da kake yi ɗin, nan, mu gani da idonmu."

A nan ne Mas'ud ya gane ramin da ya faɗa. Duk ƙa'idojin Katsina, babu ɗaya da ɗan mutunci zai iya yi a gaban surukinsa. Ya miƙe tsaye a kan Alhaji, ƙirji waje? Ya kalle shi tsakiyar ido? Ya ɗaga masa murya, ya nuna shi da yatsa? Ko da bidiyon biki bai kashe auren ba, wannan zai kashe shi kafin la'asar. In kuma bai yi ba, ya tabbata ba shi da abin nunawa. Ya ɗan ɗaga gwiwa ɗaya kamar zai tashi, kunya ta mayar da ita. Sai ya fara a yadda yake, a tsugune, ido a kan tabarma, murya kamar mai roƙon gafara.

"Jama'a... ku tashi tsaye. Yau ranarku ce. Kada ku yarda kowa ya sa ku sunkuyar da kai."

"Mi ya ce?" in ji ɗaya daga cikin dillalan.

"Wai mu tashi tsaye," in ji ɗayan.

"Mu? To shi mi ya hana shi?"

Suka fashe da dariya har da buga cinya. Alhaji bai yi ba. Ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Bar mu mu, gwiwarmu lafiya lau. Ga Malam Audi nan." Ya nuna dattijon da ke jingine. "Maƙwabcina ne. Garke guda gare shi, tun na ubansa. Bara da kaka aka zo da safe aka kore su duka, ko ɗan maraƙi ba a bar masa ba. Tun ranar bai sake taka kara, kasuwar shanu, ba, magana ma sai ta kama. Kullum nan yake yini. Mun yi masa nasiha, liman ya yi. Tunda kai gwani ne, ƙarfafa masa mu gani."

Wannan ma rashin tausayi ne, a ɗauki baƙin cikin bawan Allah a mai da shi abin gwada suruki. Amma Malam Audi bai nuna ya ji ba.

Mas'ud ya ja jiki a tsugune ya matsa kusa da shi. Ya laluba cikin kansa, ya ciro abin da ya saura.

"Baba, akwai zaki a ƙirjinka."

Malam Audi ya juyo a hankali ya dube shi, ya dubi kwat ɗin da ke kan kaftani.

"Zaki kuma? Ɗana, ni shanu na sani."

Shi ke nan, kan Mas'ud ya zama fanko. Ya ga Sa'adiya da yaron suna yi masa nisa, ya ga kansa yana rubuta takardar da aka ce ya aiko. Zai ce a rufe ido a hango garke, sai mutumin Sabuwa ya faɗo masa, ya fasa. Ɗaya dillalin ya fara gyaran murya. Don dai kada a ce bai ce komai ba, Mas'ud ya yi tambayar da ta zo bakinsa, irin wadda ɗan ƙauye zai yi wa ɗan ƙauye.

"Baba, in za su kiwo, wace ce ke shiga gaba?"

Dattijon ya ɗago daga jikin bango.

"Wata fara ce mai karyayyen ƙaho," ya ce. "Kwalliya muke ce mata. Ba ta fi su girma ba, amma in ba ta motsa ba ko sanda ka karya ba mai motsawa."

"A ina ta karya ƙahon?"

"A rijiya. Tana ƙarama, garin rawar kai." Wani abu kamar murmushi ya gilma a fuskarsa. "Uwarta ma haka take. Uwar ce aka ba ni ranar da na yi saukar Alƙur'ani."

Daga nan bai tsaya ba. Ya faɗi wadda ba ta yarda kowa ya tatse ta sai matarsa, da bijimin da ke tsoron agwagwa, da shekarar da ciwo ya shiga garken ya kwana cikinsu har suka tashi. Ya faɗi safiyar da aka zo, yadda Kwalliya ta tirje a bakin rafi ta ƙi tsallakawa, yana ɓoye cikin dawa yana jin ana dukanta. Nan ya sa hannun riga ya share ido, ya ci gaba. Dillalan nan biyu da suka shekara suna zama da shi ba su taɓa jin ko ɗaya daga cikin wannan ba. Yo ina za su ji? Da ya buɗe baki sai su ce sai haƙuri, Malam Audi, sai haƙuri, kamar masu toshe tulu da tsumma.

Mas'ud kuwa, mutumin da aka sani da baki tun yana yaro, bai ce komai ba sai "to" da "Allah sarki". Sau ɗaya kawai ya sa baki, da dattijon ya tambaye shi ko shi ɗan ina ne. Ya ce 'Yargoje, ya ce su ma suna da gona a bakin daji, da tsamiya a tsakiyarta, kuma bai san wanda ke shan inuwarta yanzu ba. Malam Audi ya gyaɗa kai ya dafa masa gwiwa. Ƙafafun Mas'ud sun mutu da tsuguno, kuma a ransa ya gama sallamawa: an ce ya yi magana, ga shi wani ne ya yi.

Da aka kira la'asar Malam Audi ya miƙe ya kakkaɓe riga. A bakin ƙofa ya juyo ya ce wa Alhaji, "Ran kasuwa in za ka kara ka biyo mani. In je in ga ko na wasu ne." Ya fita.

Alhaji Salihu ya ajiye carbi ya dubi surukinsa.

"Wannan shi ne abin da kake yi?"

Mas'ud bai san ko e ce za ta cece shi ko a'a ba. "Wani lokaci, Baba," ya ce.

"To ai wannan jaje ne. Jaje ka zo yi, ka sa kwat, ka ɗauko ganga tun daga Ƙanƙara." Ya juya ga abokansa. "Ba roƙo ba ne. Maroƙi ba ya yin shiru haka." Ya sake juyowa. "Jaje ba abin kunya ba ne, uban kowa na yi. Sai dai ban taɓa jin wanda ya ci abinci da shi ba. Ka tahi da matarka. Amma ka koma ka buɗe rumfar nan, don ɗiyata ba za ta ci Allah sarki ba. In kuma na sake ganin kuɗi a goshinka, ko na sadaka ne, da ƙafata zan zo in ɗauke ta."

Washegari da hantsi Hadi ya zo ya kwashe su. Sa'adiya na baya da yaron a cinya, lasifika a ƙarƙashin ƙafarta. Sai da suka wuce Sheme ta sunkuyo kusa da kunnensa.

"Malam, Inna ta ce Baba ya ce ka ci jarrabawa. To mi ka ce masu?"

"Ban ce komai ba."

"To in an tambaye ni sana'arka fa?"

"Ki ce caji."

Ya buɗe rumfar, da janaretan haya. Takardar shaidar tana manne a jikin katako sama da wayoyin mutane, rana ta fara cinye hoton. Lasifikar tana gida, Gwaggo na ɗora ƙwaryar gari a kai. Sai dai labarin zauren Alhaji ya zaga, kuma yanzu akan aiko. Wanda aka sako daga daji ya ƙi fita ɗaki, matar da aka kashe wa miji a gona, tsohon da ya bar ƙauyensa yana zaune gidan ɗa kamar baƙo. Sai a zo rumfa a ce ana neman surukin Alhaji Salihu, mai zaman nan. Ya bar wa maƙwabcinsa rumfa ya tafi. Wani gida a ba shi kwanon dawa, wani gida ruwa kawai.

Har yau kafin ya shiga yakan tsaya a ƙofa ya maimaita ƙa'idojin Katsina a ransa, don yana ganin wata rana za a samu taron da ya dace da su. In ya shiga kuma sai ya tsuguna, ya rasa ta inda zai fara, ya yi tambaya. Rannan Hadi ya ce masa ya kamata a yi allo a kafa a bakin rumfa, don masu nema su daina ɓata. Mas'ud ya yarda, har ya sayo fenti. Allon na nan jingine bayan janareta, an rubuta sunansa da lambar waya, ƙasan kuma fili ne, don sun yi ta gardama da mai rubutun ba su samu abin da za a sa ba.